Farin Ƙyallen Baban Hadiza

Duk wanda ya zauna kartiyenmu ya san farin ƙyallen Baban Hadiza. Kowace safiya, kafin ya ɗauki ƙunshin wankinsa ya gangara bakin kogi wajen Gaweye, sai ya shanya ƙyallen a igiyar tsakar gida. Da yamma ya sauke shi, ya shinshina, ya murza da yatsa, ya lasa. Wallahi lasa yake, kun gani da idonku. Ni matarsa ina wannan magana ina hawaye, ina kuma dariya. Jikata ce ke rubutawa, na ce kada ta gyara min ko kalma.

Tarina ne ya jawo abin. Shekarun fari, itace ya yi wuya, kowa na ƙona abin da ya samu: kashin shanu, leda, tsohuwar taya. Ƙirjina ya toshe, ina numfashi kamar zugazugin maƙeri. A likita suka ce hayaƙi ne. Shi kuwa ya tambaye su hayaƙin wa. Suka ce ba su sani ba. Ya ce to shi zai sani.

Da ma mai wanki ne, datti ba ya ɓoye masa. Ya ce ƙurar ƙasa ja ce, kaɗawa ɗaya take zubewa, tana ƙaras-ƙaras a haƙori. Baƙin taya maiƙo gare shi, sai da sabulu. Tokar ƙaiƙayin shinkafar Saga kuwa wuya take sa ƙaiƙayi. Wanda ya fi tsana shi ne mai laushin nan da ido ba ya gani sai ya taru, wai shi ke shigewa ƙirji ya shimfiɗa tabarma.

Na farko da ya kama shi ne Hamani, Bazabarmen da ke babbake kawunan tumaki da wutar taya a bayan kasuwa. Ya bi iska har rumfarsa, ya shimfiɗa masa ƙyallen a kan tebur.

“Hamani, ga tumakinka sun biyo ni gida.”

Hamani ya yi ta ba shi haƙuri da Hausarsa ta kasuwa, ya naɗe masa kan rago guda. Muka dafa, Malam maigidana ya cinye har ƙwaƙwalwa. Washegari ya koma da ƙyallensa. Hamani ya ce ai ya ɗauka an shirya.

“Da ragon muka shirya. Kai da sauranka.”

Manoman Saga ma ya je musu, ya ce su riƙa ƙona ƙaiƙayinsu ranar da iska ta nufi ƙetaren kogi. Suka ce sun yarda, amma ya je ya gaya wa iskar da kansa. Ya dawo yana cewa mutanen Saga ba su da tarbiyya.

Sai maganar soji. Lokacin nan ko tari mutum zai yi kusa da su sai ya duba bayansa. Malam ya zargi kamiyoyinsu, manyan motocin nan masu zuwa barikin Tondibia, ya ɗaura ƙyallen a sanda, ya bi bayan wani da gudu yana tare hayaƙin man gazuwal. Dattijo da gemu! Suka tsaya suka jefa shi ciki. Da labari ya iso ni, na zauna a ƙasa na ce shi ke nan, tarina ya kashe min miji.

Sarjan ya tambaye shi wa yake yi wa alama da farar tuta, wa ya aiko shi.

“Ƙirjin matata, ranka ya daɗe.”

Ya lasa ƙyallen a gabansu, ya ce motarsu ba ta da lafiya. Suka tabbata ba juyin mulki ya zo yi ba, suka tara masa kakinsu ya wanke a matsayin horo. Ya shigo gida da magariba yana faɗa, wai bai taɓa ganin manyan mutane masu dattin wuyan riga irin waɗannan ba.

Duk wannan yawo, tarina na nan. Wata rana akuyar maƙwabta ta fara cin ƙyallen, na ƙwace na rataye shi cikin ɗakin girki, na ci gaba da tuƙa tuwo. Da ya dawo na miƙa masa, ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Ya shinshina, ya lasa. Na ce yau kuma gidan wa za a je faɗa?

“Wannan na gida ne,” ya ce, bai dube ni ba.

Mutumin da ya yi rigima da rabin Yamai, ni bai yi min faɗa ba. Da safe ya kwaso duwatsun murhu ya jera su a fili, yana yi musu faɗa, wai munafukai, ana neman ɓarawo a gari suna zaune cikin gida. Ya ajiye min kujera ta inda iska ke fitowa, ya ɗauki muciya. Mata suna leƙe ta katanga suna dariya, Hamani ya aiko a gaida amarya mai gemu. Tuwonsa gudaji ne zalla, miyarsa gishiri. Na ce ya bari in karɓa.

“Ke dai ki yi numfashi. Shi ne aikinki.”

Haka ya yi ta yi mana girki har ƙafafunsa suka gaza, tuwon bai taɓa gyaruwa ba. Tarin nawa kuwa ya lafa, ga ni ina numfashi, shi ya tafi.

Ƙyallen yana nan, nakan shanya shi da safe. Da yamma in sauke, in rasa wanda zai gaya min na wa ne. Allah ya jiƙan Baban Hadiza, ya yafe masa, ya kwantar da shi inda iska take da daɗi, babu hayaƙin kowa. Amin.