Maguna da Kaset Uku a Saman Gidan Goggo

A ƙarshen shekarun tamanin ni da yayana muna zaune a gidan goggonmu a unguwar Kurayyat ta Jidda. Dukanmu a Jidda aka haife mu. Ni ina aiki a wata masana'antar tagogin alminiyam, shi kuma makaniki ne a unguwar Khumra. Wani ɗan Filifin da muke yankan ƙarfe tare shi ya fara ba ni kaset na kiɗan nan na Amurkawa masu dogon gashi, mai saurin ganga da jita kamar ana saran kwano. Na kawo gida, Yaya ya ji ya ce haukan banza ne. Bayan sati ɗaya na same shi ƙarƙashin mota yana kaɗa kai.

Mai shagon da ke sayar da kaset ɗin yakan shafe bangonsu da baƙin alƙalami don gudun fitina, har sunayen ba sa karantuwa. Sai muka raɗa musu namu daga abin da ya tsira a hoton. Akwai Masu Kabari, akwai Mai Taye, wato wani ƙoƙon kai sanye da kwat, sai Mahauta, waɗanda ja kawai ake gani a bangonsu.

Ni Masu Kabari nake bi. Na ce kaset ɗinsu gini ne, suna farawa a hankali, su hau, su huta a tsakiya, sannan su rushe komai. Yaya ya ce wannan hutun ragwanci ne, Mai Taye ne ya san jita, yatsunsa ba sa taka wuri ɗaya sau biyu. Mahauta kuwa mun yarda sun fi kowa gudu, amma kaset ɗinsu bai kai rabin awa ba, kuma babu wanda ya taɓa gane inda wata waƙa ta ƙare wata ta fara. Mun yi watanni muna wannan musu a kan tiren shinkafa, har Goggo ta ce halas, ya isa haka, a fitar mata da rikodar nan zuwa saman gida.

A saman gidan take shanya kilishin da take sayarwa, kuma magunan unguwar sun san haka. Kullum sukan jeru a kan katanga, ita kuma tana hawa tana sauka da sanda. Wata safiyar Juma'a na kunna Mahauta a can. Kafin mai gangar ya gama shigowa katanga ta zama wayam, har tattabarun maƙwabcinmu suka tashi. Goggo ta hau da sandarta, ta duba ko'ina, ta tambaye ni abin da na yi musu. Na nuna mata rikoda. Ta daɗe tana saurare, sannan ta ce in ƙara murya.

Yaya ne ya kawo shawarar a bar maguna su raba mana gardama, tunda ba su da ɓangare. Juma'ar da ta biyo muka jera kaset, Goggo ta zauna kan bokiti a matsayin shaida. Da aka sa nawa, sai magunan suka ja da baya, amma da aka zo wurin hutun nan mai taushi wata baƙar mage ta sauko a natse, ta ɗauki fallen kilishi guda ta tafi. Da aka sa na Yaya ba su gudu ba, ba su kuma sauko ba, suka zauna suna bin rikoda da ido har ya ƙare.

Nan da nan sabon musu ya tashi. Yaya ya ce zaman da suka yi sauraro ne na masana. Na ce magen da ta ci abinci a lokacin nawa ta nuna kiɗan ya shige ta, don ba a cin abinci sai hankali ya kwanta. Muka juya ga Goggo.

"Naka ɓarawo yake gayyata," ta ce da ni. "Na yayanka kuma taro yake tarawa. Yaran nan masu sauri su kaɗai suka zo aiki."

Bayan kamar wata biyu abokina ɗan Filifin ya biyo ni gida sayen kilishi. Muka hau sama, Yaya ya sa masa Mai Taye don ya samu mai goya masa baya. Mutumin ya saurara kaɗan, ya ɗauki bangon ya juya, ya nemi a sa masa nawa. Sai ya yi ta dariya har ya zauna a ƙasa. Da Larabcinsa na wurin aiki ya bayyana mana cewa tun daga shago aka musanya kaset ɗin biyu. Abin da nake kira Masu Kabari na Mai Taye ne, na Yaya kuma shi ne na Masu Kabari.

Kwana biyu suka wuce. Rana ta uku Yaya ya same ni ina wanke hannu ya ce ya yi tunani, shi mutumin Mai Taye ne tun farko, don haka in miƙo masa kaset ɗina. Na tuna masa wata shida ya yi yana kiransa ragwanci. Ya ce a lokacin bai san na wane ne ba. Na ba shi, na karɓi nasa, na shiga kare kiɗan da na sha cewa ba shi da numfashi, kuma cikin sati biyu na fara jin numfashin.

Mahauta suka zama na Goggo. Ta koyi juya kaset da kanta, duk bayan kwata na awa sai ta hau. Maƙwabcinmu mai tattabaru ya zo ƙorafi, ta ce masa injin korar mage ne ɗanta ya kawo daga masana'anta, ya tambaya ko ana samun ƙarami. Zafin rana ya yi ta jan zaren kaset ɗin har kiɗan ya yi nauyi, mawaƙinsu mai ihu ya koma kamar raƙumi na hamma, magunan suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Goggo ta ce yaran sun gaji, ba laifinsu ba ne. Ta sa muka kai ta shagon da kanta, ta tsaya da baƙar abayarta ta ce wa mai shagon ya sa mata kaset ɗin shagon ɗaya-ɗaya, za ta gane nata.