Mashin Ɗin da Ba Ya da Gidan Gyara

Ana sallame sallar asuba muka bar Madarunfa, ni da wata ƴar ƙungiyarmu ta masu matsar man gyaɗa, da jarkoki a bayan mota. Abin da ya tashe mu saƙon Alhaji ne, mai babban kantin Maraɗi da ke ɗaukar manmu tun zamanin mahaifinsa. Cewa ya yi daga bana in ba faktir ɗin mashin, wato takardar ciniki da na'ura ke bugawa, ba zai iya karɓar ko kwalba ba, don ƴan impo, masu karɓar haraji, sun daina yarda da rubutun hannu. In Alhaji ya sake mu, matan ƙungiya sun zauna.

Tafkin Madarunfa ya cika bana, masunta na ta fid da taru. Kuɗin mota dala ɗari da hamsin, jarka kuma da nata kuɗin, sai ka ce ita ma kujera ta zauna. Wajen Safo muka yi ta wuce amalanken jakai cike da dammunan hatsi. Wagga hanya da ƙafa na san ta, ina bayan innata, mai a ka, ba kwalta ba komai. Ta kan tsaya gindin wata tsamiya mu sha fura. Na leƙa ta taga ban ga tsamiyar ba, sai mai sayar da esansi, man mota, a kwalabe.

A tasha muka karya da ƙosai da kunu. Ƙosan Maraɗi ya ƙanƙance, yajin ne kawai bai canza ba.

A ofishin impo muka sami layi. Da aka zo kanmu, wata yarinya mai haƙuri ta nuna mana aikin mashin ɗin: ka sa sunan kaya, ka sa lita, ka sa farashi, ka danna. Takarda ta fito da wani baƙin zane a ƙasa kamar saƙar tabarma, kuma a daidai lokacin Yamai ta san ka yi ciniki. Na karɓa na karanta da kaina, don ban shiga ajin manya da furfura ba don a riƙa karanta mini. Na duba sama da ƙasa, na ce mata, "Ɗiyata, ina gidan gyara?"

Ta yi dariya, ta ce kakarta ma da haka za ta tambaya. Akwai wurin ragi, in ji ta, in sa nan. Na ce ragi daban, gyara daban. Ragi roƙonsa ake kafin a sallama. Gyara kuwa sai an gama ciniki, kowa ya yi shiru, sannan mai kaya ya karkata ludayi ya ƙara, ba a tambaya ba, ba a faɗa ba. Innata ba ta taɓa auna wa mahaifin Alhaji mai ba ta bar shi haka. Yarinyar ta ce ta gane, amma mashin da an danna ya rufe magana. Na yi rajista dai, raina ba daɗi.

Da azahar muka kai man kanti. Aka auna, faktir ta fita, na ɗauko ƴar jarkar gyara kamar kullum. Alhaji ya ɗaga hannu. Ya ce, "Hajiya, bar shi. In na sayar da man da ba ya cikin takarda, mashin zai nuna na sayar da fiye da abin da na saya. Me zan ce wa ƴan impo?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, tsaye da kyauta a hannu an ce in mayar. Shi ma ƙasa yake kallo. Na fita, na tsai da kabu-kabu, na ce ya kai ni gidan Alhaji. Na miƙa wa maiɗakinsa jarkar, na ce wannan ba na kanti ba ne, na miya ne, kuma in ya tambaya ta ce Madarunfa ta gaishe shi.

Mun iso gida rana na faɗuwa bisa tafki, mata na jira a ƙofa. Na ce musu ciniki na nan, su koma bakin turmi.

Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne mashin ba maƙiyi ba ne, ba kuma ɗan gari ba ne. Haraji zan biya, ba na gudu. Abin da na sayar Yamai ta sani tun kafin in rufe jarka. Abin da na bayar kuwa, wannan tsakanina ne da wanda ya ci.