Hannun Inusa, Aikin Aisami Mai Ƙarau

Kafin mata su fito daka a Gure, Aisami ya riga ya hura wuta. Yakan zuba yashi da kanwa a tukunyar ƙasa, ya ƙara fasassun kwalaben da ake zubarwa bayan barikin kumandan, ya zauna yana ja da zuga-zugi har abin ya narke ya zama kamar zuma. A Bida ya koyi aikin, tun yana saurayi mai bin fataken kanwa. Ƙarau yake yi wa amare, da duwatsun wuya. In ya gama na kasuwa, sai ya juya ga abin da ransa yake so: tsuntsaye, raƙuma, kifayen da ba a taɓa gani a ƙasar nan ba.

Mutane ba su cika bi ta ƙofar gidansa da tsakar rana ba. Tsuntsayen da ya rataye a aduwar tsakar gida sukan yi ƙara siririya ko babu iska. Shi dai cewa yake zafi ne ke taɓa su.

Shekarar da fara ta cinye gero, rijiya ta rufta da wani mahaƙi a Gamu, sunansa Inusa. Aka yi ta tono, yashi na komawa, har aka haƙura aka yi masa salla a bakin ramin. Uwarsa Ya Kaka ta ƙi tashi daga wurin. Ta daina cin abinci. Kullum tana kife da kunne a ƙasa, tana cewa tana jin yana ƙwanƙwasawa.

Aisami bai san Inusa ba, labari kawai ya ji a kasuwa. Ya ɗaura wa jakinsa mangala ya tafi Gamu, ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Iya, ki ba ni izini in ɗebi yashin nan."

"Ɗana yana ciki," in ji ta.

"Shi ya sa na tambaya."

Ta bar shi ya ɗiba, ya dawo Gure ya narka yashin. Ƙarau ya fito kore mai duhu, irin ruwan rijiya mai zurfi. Fuska ba ya yi, don yana tsoron Allah, sai ya siffanta hannun dama, tafin a buɗe. Da yana hucewa, ƙaramin yatsa ya tsage ya faɗi. Yashin kuwa ya ƙare, haka ya naɗe hannun a tsumma ya kai wa tsohuwar.

Waɗanda ke wurin sun ce lokacin da Ya Kaka ta kwance tsumman, maza suka ja da baya suna salati. Inusa ba shi da wannan yatsan, igiyar guga ta tsinke masa shi tun yana yaro.

"Wa ya gaya maka?" in ji Malam Garbai, limamin garin.

"Allah gafarta Malam, ba wanda ya gaya mini. Karyewa ya yi."

Wasu suka ce da aljanu yake aiki, a je Gure a rushe murhunsa. Ana cikin haka tsohuwar ta manna hannun a kumatunta, ta miƙe, ta ce a dama mata fura. Liman ya dube ta tana sha, ya ce a bar mutumin nan ya tafi gida. Har yau hannun yana ɗakinta. Kowa ya taɓa sai ya ji sanyi, ita ko ta ce da ɗumi.

Bana murhun Aisami ya mutu. Wuta ta cinye masa idanu, sun yi fari fat. Sai dai a miƙa masa ƙarau ya shafa, ya faɗi shekarar da ya yi shi.

Aisami, na gaban wuta, mai mai da yashi ruwa! Kai ne ka yi tafiyar da ba a aike ka ba, don uwar da ba taka ba. Kai ne aka kira matsafi, ba ka rama ba, ka wayi gari ka koma bakin aikinka. Mun sa ƙaraunka a hannun 'ya'yanmu, muna kauce wa ƙofarka. Mun gode, ka yafe mana.

Ku kuma mutanen Gure, mai aikin yana raye, bakinsa bai mutu ba. Duk mai son sana'ar nan ya je ya zauna gabansa tun yau, ya koyi wutar, ya koyi halin.