Kwalin Ashanar Nuhu Mai Hoto

Nuhu mai hoto na Bodinga bai taɓa sayen madubin auna hoto ba. Kwalin ashana ya huda, ta nan yake leƙen abin da zai ɗauka. A 1982 wani darakta ya zo Danchadi yin fim ɗin noman albasa, da madubi mai tsada a wuya, ya ɗauki Nuhu aiki. Darakta ya tsayar da wani manomi, Attahiru, kusa da wani dattijo. Sau uku Attahiru yana zamewa gefe, kai a sunkuye.

Nuhu ya leƙa kwalinsa, ya zaunar da dattijon gaba, ya tura Attahiru can cikin albasa. Hoto ya yi.

"Ranka shi daɗe, surukinai ne," in ji Nuhu. "Madubinka bai gaya maka ba?"