Garwar Korar Dorina

Ni da Bilki ba ma ga maciji, kuma ba mu muka fara ba, gada muka yi. Mahaifinta ƙanin mahaifina ne, ciki ɗaya. Ita tana Birmingham, a Edgbaston, wajen binciken da ya kawo ta jami'a. Ni ina Manchester, a Gorton, ina aikin jinya. Duk faɗin ƙasar nan ba ni da wani jini sai ita, amma ko barka da salla ba ta haɗa mu. Sau ɗaya muka yi kiciɓis, a wani gidan suna a Rusholme. Aka ce mata, "Ga 'yar garinku." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Allah sarki, ban gane ta ba." Ni da na goya ta tana majina.

Labarin ciwonta a bakin wata 'yar Jos da muke aiki tare na ji shi. Wai za a yi mata babban aiki a ciki, mijinta yana gida Najeriya biza ta hana shi dawowa, ga 'yan mata biyu ƙanana. An kuma gaya mata idan babu dangin da zai riƙe su, council, wato hukumar garin, za ta kai su gidan wasu mutane har ta tashi, in ta tashi. Na ce Allah ya sawwaƙe, na ci gaba da aikina. Ko a jikina.

Bayan 'yan kwanaki ina cikin bas a Wilmslow Road, na tashi aiki ƙafafuna kamar ba nawa ba, sai ga saƙon murya daga wata lamba da na sani amma ban taɓa ajiyewa ba. Na yi tsaki, na kara a kunne. Babu sallama, babu magana. Ƙarar ludayi ce kawai a gindin tukunya: kwang, kwang, kwang, a ɗan tsaya, a sake. Raina ya ɓaci, don na san abin da take nufi, kuma ta san na sani.

Mu a tsibiri aka haife mu, tsakiyar kogi, abin da a wajenmu ake ce wa gungu. Ƙauye ne ƙarami, in ka tsaya kan tudun masallaci kana hango ruwa ta kowane gefe. Da damina shinkafa muke nomawa, in ruwa ya ja baya a dasa albasa a ɗanyar lakar da ya bari. Babu asibiti, babu makaranta, babu injin niƙa. Gishiri ma sai an shiga kwalekwale. Mace in naƙuda ta yi mata tsanani, a tabarma za a ɗauko ta a sa a jirgi, wata ta isa gaɓa wata ba ta isa ba. Rumbunanmu a kan turaku suke saboda ambaliya, sauro kuwa ba a maganarsa. Masu zuwa daga birni su kan ce wurin yana da kyau. Ba su taɓa kwana ba ne.

Kogi yana da wata muguwar ɗabi'a: yana cin kan gungu yana kai wa gindinsa. Gonar Baba tana can kai, inda ruwa ke dukan gaɓa. Ta Baffa Garba, mahaifin Bilki, tana gindi, inda laka ke taruwa. Kowace shekara tamu na raguwa tasa na ƙaruwa. Ran nan Baba ya je ya same shi ya ce, "Garba, ƙasata ce fa ruwa ke kawo maka. Ka yankar mini ko kunyar shuka kaɗan ne." Baffa ya ce, "Yaya, ni ban aiki ruwa ba. Ka je ka tambaye shi." Daga wannan rana ba su ƙara gaisawa ba. Matansu suka ɗauka, mu yara muka karɓa. A mashaya in Bilki ta ɗebi ruwa, sai na gusa sama da ita kafin in tsoma tuluna.

Wuri ɗaya ne ya rage da ke haɗa mu dole, wato tsakar gidan kakarmu, Iya. Bayan magariba takan tara ɓuntun shinkafa ta cinna masa wuta don hayaƙin ya kori sauro, ta jera kifi a kan waya yana shan banda. Duk jikokinta sai sun hallara, wanda ya ƙi zuwa ta aika a jawo shi da kunne. Mu 'ya'yan kai mu zauna gefe ɗaya na wuta, 'ya'yan gindi ɗaya gefen, muna harare-harare ta cikin hayaƙi.

Kada wani ya zaci Iya irin tsohuwar nan ce mai taushin murya. Baƙar magana gare ta, ga hannu da sauri. Ba ta taɓa ba mu tatsuniya don mu ji daɗi ba, kullum akwai wanda take jifa da ita. Ko buɗewarta daban ce. Sai ta zunguri wutar da kara ta ce, "Ga ta nan. Mai kunne ya matso, mai baki ya rufe." In ka kuskura ka amsa mata, karan nan ne zai sauka a ƙaurinka.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta garwa. A gungunmu babban abokin gabar manomi dorina ce. In shinkafa ta fara nuna takan fito daga ruwa, abin da ba ta ci ba ta tattake, noman shekara ya tafi kafin gari ya waye. Shi ya sa kowa ke yin rumfa a gonarsa ya rataye tsohuwar garwar kananzir. Wanda ya fara ganin dorina ya buga. Duk wanda ya ji kuma dole ya amsa da tasa, ya taso da wuta da ihu, don garwa ɗaya ba ta razana dorina, sai ta ji gungu duka ya ɗauka.

To, in ji Iya, an yi wasu maƙwabtan gona biyu, Tanko da Jatau, waɗanda ƙiyayyarsu ta kai ko inuwar ɗaya ta faɗa gonar ɗaya sai an yi shari'a. Wata rana dorina ta fito ta gefen Jatau. Jatau ya buga garwa. Tanko na kwance a rumfarsa, ya ji sarai, kuma shi kaɗai ne kusa da zai miƙa ƙarar zuwa cikin gari. Sai ya juya ya ja bargo, yana dariya ƙasa-ƙasa. Jatau ya buga har hannunsa ya mutu. Da safe gonarsa ta zama turɓaya da kashin dorina. Ya kwashe iyalinsa ya bar gungu, ko waiwaye bai yi ba.

"Tanko ya yi murna," Iya za ta ce, tana kallon gefenmu, sannan ta juya ta kalli gefen su Bilki don kada wani ya ɗauka ya tsira. "Ya yanka zakara. Wawa."

Shekara ta zagayo. Gonar Jatau ta zama ciyawa, babu rumfa, babu wuta. Dorinai suka mai da wurin mashigarsu, har da 'ya'yansu. Da shinkafar Tanko ta nuna suka biyo hanyar nan tiryan-tiryan. Tanko ya zabura ya buga garwa. Rumfar da za ta ji shi guda ɗaya ce, kuma shi ya kore mai ita. Ya buga, ya buga, har gindin garwar ya fita. Ya ci gaba da yi da baki. Iya ta ce shi ne tsuntsun nan da muke ji a bakin ruwa da almuru yana kwang, kwang, babu mai amsa masa har yau.

Wani dare na kasa haƙuri. Na ce, "Iya, to da sai ya so Jatau ke nan?"

Na ɗaure ƙafa ina jiran kara, amma bai zo ba. Ta ce, "Ke Hajara, wa ya yi maganar so? Ya ƙi shi mana. Ya ƙi shi har kabari. Amma in ya buga, ya amsa." Ta juya kifi. "Kuma ba a godiya. Wanda ya gode wa garwa ya mai da ita alheri, alheri kuwa ana iya hanawa. Ta ƙare, ku tashi mini daga wuta."

Na ga wannan da idona. Wata magariba muna tsakiyar tatsuniya sai ƙara ta taso daga gindin gungu, kowa ya san garwar Baffa ce don a tsage take. Baba yana zaure ya miƙe yana zage-zage, yana cewa Allah ya sa ta cinye har da mai gonar, amma hannunsa na kan tasa garwar. Ya fita a guje da bakin wuta. Ya dawo laka har ƙugu, gwiwarsa na jini. Washegari suka haɗu da Baffa a ƙofar masallaci, kowa ya kau da kai.

Zan faɗi gaskiya, shi ma Baffa ya amsa tamu, ba sau ɗaya ba. Amma dorina ba ita ta cinye mu ba. Ruwa ne, kuma shi a hankali yake ci, taku ɗaya bana, taku biyu baɗi, ba wanda ke buga masa garwa. Shekarar da ya haɗiye kunyar gonarmu ta ƙarshe, Baffa yana dasa albasa a kan sabuwar laka, muka loda tukwanenmu a jirgi. Bilki na tsaye a gaɓa tana shan rake. Baba ya ƙare rayuwarsa yana gadin shago a birni, mutumin da ya ciyar da rabin gungu. Wannan ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Duk wannan ya dawo mini a cikin bas ɗin nan, wayar na hannuna. Na ce a raina, yarinyar nan ta raina ni. Da ta kira ta yi kuka, da na ji daɗin kashe wayar. Da ta ce "Yaya, ki yi haƙuri," da na gaya mata maganar da na daɗe ina tanadi. Sai ta bi ta inda ba ni da ƙofar fita. Ba ta roƙe ni ba, ba ta ba ni haƙuri ba, ba ta ma yarda ta san ni ba.

Na isa gida ina huci. Na sauke jaka, na ɗauko tukunyar miya da muciya, na danna saƙon murya a wayar na buga mata amsa. Har maƙwabciyata ta bubbuga bango.

Ranar da na je Edgbaston ɗaukar yaran, Bilki ta buɗe ƙofar flat ɗin ta rame har na tsorata, amma ban nuna ba. Wata ma'aikaciyar council na zaune da takardunta, ta tambaye ni ko ni 'yar uwa ce ta kusa. Na ce ubanninmu ciki ɗaya. Bilki ta miƙo jaka, idonta na kan bango.

"Ƙaramar ba ta cin gyaɗa, tana da allergy, jikinta ba ya karɓa. Babbar sai an bar mata fitila."

Na ce, "Na ji."

"Aikin ranar Talata ne."

"Ban tambaye ki ba."

Muka hau jirgin ƙasa ni da 'ya'yanta, Nana da Safiya, sun maƙale da juna suna kallona kamar zan cinye su. Hausa suna ji amma ba sa mayarwa, sai Turancin nan na Birmingham da ake ja ta hanci. Sun yi makonni a wurina. Na yi musu kitso, na kai su makaranta, na canza lokutan aikina har shugabarmu ta fara ɗaure mini fuska. Ranar Talatar kuwa na kasa cin abinci, kuma hakan ma haushi ya ba ni.

Wata yamma hitar ɗumama ɗaki na kunne a kicin, ruwan sama na dukan taga, Safiya ta fara kukan uwarta. Ban iya rarrashi ba, ban gada ba. Sai na ji bakina ya ce, "Mai kunne ya matso, mai baki ya rufe." Na ba su labarin Tanko da Jatau, na nuna musu hoton dorina a waya don ba su san ta da wannan suna ba. Da na gama, Nana, babbar, ta daɗe tana kallona. Idon uwarta sak.

"Anti, kina son Mamanmu?"

Na ce, "A'a."

"To me ya sa kika zo?"

"Ta buga."

Ina yarinya na ɗauka Iya so take ta shirya 'ya'yanta, na kuma ɗauka ta gaza, don har ta mutu ba su gaisa ba. Sai yanzu na gane ba ta taɓa sa ran shiri ba. Ta san abin da ta haifa. Abin da take tsoro shi ne ranar da ɗaya zai buga babu kowa a ɗaya rumfar. A gungu na zaci ruwa ne ya sa dokar ta zama dole, tunda ba inda za ka gudu. Ashe nan ma tsibiri ne, ya fi namu girma kawai, kuma rumfar da ke kusa da tawa guda ɗaya ce, ko da mai ita ba ta gane ni ba.

Bilki ta tashi. Ta zo Gorton da kanta, tana tafiya a hankali, hannunta dafe da ciki. Ba ta shigo ba, ban ce ta shigo ba. Yaran suka ruga suka rungume ta. Ta ɗago ta dube ni, na ga kalmar godiya tana tahowa.

Na ce, "Kada ki soma."

Ta haɗiye. Ta kama hannun 'ya'yanta suka tafi.

Salla ta zo ta wuce, ban kira ta ba, ba ta kira ni ba. Har yau ban ajiye lambarta da suna ba. Amma da can in zan kwanta kashe wayata nake yi, yanzu kuwa a kunne take kwana, kusa da kaina.