Kawu Silak

Sunansa na yanka Hussaini, amma a Zango kowa Silak yake kiransa. Ƙanen mahaifiyata ne, kuma sana'arsa riƙe igiya wajen haƙa rijiya. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki da wani injiniya da ba ya jin Hausa. Idan mai haƙa yana sauka ɗaure da igiya, sai injiniya ya daka tsawa, "Silak!" wato a sassauta. Kawu ya riƙa saki kaɗan-kaɗan har mutum ya dira lafiya. Aiki ya ƙare, suna ya biyo shi gida.

Yana ji da sunan nan kamar sarauta, har a jikin kekensa ya sa aka rubuta da jan fenti. "Ba kowa ake raɗa wa suna da Turanci ba," in ji shi. Gaskiya ɗaya ce, Kawu ya iya barci a gindin darbejiya, matarsa Zinariya ta sha yin mita a kan haka. Amma igiya ba ta taɓa kuɓuce masa ba.

A shekarun da aka fara shari'ar Musulunci, rijiyar burtsatse ta cika gari, aikinsa ya ja baya, ya koma zaman teburin mai shayi. Nan Yazid ɗan maƙwabcinmu, sabon ɗan jami'a mai ɗokin Turanci, ya same shi.

"Baba, ai silak ma'anarta da yawa. Igiya in ta yi sako-sako, ko kasuwa in ta yi sanyi. Sannan rago, malalaci, shi ma silak ne."

Aka bushe da dariya. Har yau ina jin haushin yaron nan.

Da yamma Kawu ya zo wurina, da yake ni malamin firamare ne.

"Ɗana, injiniyan nan, igiya yake nufi ko ni?"

"Igiya mana, Kawu, wallahi."

Ya dube ni. "Ai ba ka nan."

Washegari ya kankare fentin keken, ya daina amsa sunan.

Ranar da ya rasu, aka sanar a lasifikar masallaci cewa Allah ya yi wa Malam Hussaini rasuwa. Mutane suka yi ta tambayar juna, wane Hussaini? Ni na fita ƙofar gida ina kuka, na ce musu, "Silak ne."

Kafin a ɗauke shi, layinmu ba masaka tsinke.