Mutum na Goma a Filin Jirgin Addis

Wata rana ina zaune a filin jirgin Addis Ababa ina jiran jirgin Kano, sai na hango wani dattijo Bayahude yana bin matafiya ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tambaya.

Kun san ni da son jin ƙwaƙwaf. Da ya zo kusa na tambaye shi ko lafiya.

Ya ce yau ranar rasuwar mahaifiyarsa ta zagayo, kuma akwai addu'ar da suke yi wa mamaci. Sai dai a addininsu ba a yin ta sai maza Yahudawa goma sun taru.

Ya samu takwas, shi ne na tara.

Ga shi an fara kiran jirginsu, kafin su sauka kuma rana ta faɗi, ranar ta wuce.

Jama'a, idon dattijon nan ya kawo ruwa.

Na ce ni dai ba zan cika muku ba, amma zan taya ka nema. Na bi wannan layi, ya bi wancan. Kowa na tambaya sai ya girgiza kai.

Can wani saurayi da dattijon ya riga ya tambaya ya cire abin jin kiɗa daga kunnensa, ya miƙe.

"Baba, ɗazu ɓoye maka na yi. Ni Bayahude ne. Amma rabona da addu'a tun ina yaro, ko kalmomin ban tuna ba."

"Ɗana, ba karatu na zo nema ba. Ka tsaya da mu kawai ka ce amin."

Saurayin ya shafa kansa. Ba hula, su kuma ba sa addu'a kai a buɗe.

Ban san lokacin da na tuɓe zanna bukar ɗina na kafa masa ba!

Ku zo ku ga ikon Allah: ƙananan huluna tara, da hular Kano guda a tsakiya. Dattijo na karantawa, saurayin nan kuwa amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙarfi, hawaye na bin kumatunsa.

Da suka idar saurayin ya miƙo min hula, na ce ta zama tasa.

Ashe jirginsu ɗaya. Dattijon ya kama hannunsa suka ruga, su ne ƙarshen shiga jirgi.

Ni kuma na sauka Kano kai ba hula, baki har kunne.

Darasi: Kada ka raina tsayuwarka a sahu. Wataƙila kai kaɗai ake jira addu'ar wani ta cika.

Tura wa wanda ka san ya daɗe bai shiga sahu ba.